Darasi na Bakwai: Daga Rumbu Zuwa Ƙwarya

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin wuraren da cuta ke shiga abinci, tun daga rumbu har zuwa baki;
2. haɗa abinci mai gina jiki da abin da ake samu a gida da kasuwa;
3. haɗa ruwan gishiri da sukari daidai, da gane lokacin da ya kamata a garzaya likita.

Karatu: Hurar la'asar

Wata rana da bazara, a wani ƙauye kusa da Barmu, arewa da birnin Tawa, wata mata ta tashi tun asuba ta yi surfe, ta yi ribɗi, ta dafa dawo ta kirɓa. Da hantsi ta dama fura da nono, wadda mu Adarawa muke kira hura. Mutanen gida suka sha, aka ajiye saura a ƙarƙashin rumfa. Iska ta ture faifan da aka rufe ƙwaryar da shi, ba wanda ya lura. Da la'asar ɗanta mai wata goma ya fara kuka. Ta ga furar ta yi kauri, sai ta ɗauki moɗar da yara suka wuni suna sha da ita, ta tsoma a randa, ta ƙara ruwa, ta ba shi. Cikin dare zawo ya kama shi.

Da safe surukarta ta leƙo ɗaki.

"Ɗiyata, yaya ya kwana?"

"Inna, bai runtsa ba. Sau biyar yana zawo."

"Haƙora ne za su fito. Haka ubansa ya yi. Bar shi, zai wuce."

"Inna, ku yi haƙuri, ku duba idonsa. Ya faɗa. Maɗigarsa ma ta lotsa."

Tsohuwa ta sa yatsa a kan yaron, ta yi shiru. Can ta jawo mayafinta ta ce, "Tashi mu tafi. Ni zan goya shi."

A likita, malamar asibiti ta ba yaron ruwan gishiri da sukari cokali-cokali, sannan ta tambayi uwar: "Me ya sha jiya? Ƙarfe nawa aka dama? A rufe take? Da wane ruwa kika ƙara?" Da ta ji amsa, ta ce, "Hatsinku lafiya lau, nononku ma haka. A hanya cutar ta shiga."

Wannan magana ita ce darasinmu na yau. Abincin Adar abinci ne mai kyau. Shi ya raya iyaye da kakanni, da shi aka yi noma a kan fako, aka yi fatauci har bakin teku. Abin da ke cutar da mu yawanci a kan hanya yake shiga, tsakanin rumbu da ƙwarya. Bari mu bi hanyar nan zango-zango.

Zango na farko: rumbu da buhu

Hatsi, wato gero, ɗan ƙasa ne. Masu binciken tarihi sun samo alamun nomansa a kwarin Tilemsi da ke Mali tun shekara 4,500 da suka wuce. Daga nan Afirka ya ƙetara teku ya isa Indiya, inda ake kiransa bajra, har Indiya ta zama ƙasar da ta fi kowace noma shi. Ita ce ma ta kai shawara Majalisar Ɗinkin Duniya aka sa wa 2023 suna shekarar gero da danginsa. A 2018 aka fitar da wani iri a Nijar mai suna Chakti, aikin cibiyar ICRISAT mai reshe a Sadore da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Yana saurin nuna, kuma ya fi irin da muka saba yawan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Abin da duniya take girmamawa haka, bai kamata mu raina shi a gida ba.

Maƙiyan rumbu biyu ne: danshi da ƙwari.

Danshi shi ke kawo fumfuna. Idan gyaɗa ko masara ba su bushe sosai ba aka zuba su a buhu, ko aka jingina buhu a ƙasa mai laima, sai fumfuna ta kama su, ta bar wata guba da ake kira aflatoksin. Tafasa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Idan ana cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru tana lalata hanta, har ta kai ga dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. An fara gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin tunkuzar gyaɗa. A 2004 kuma masara mai fumfuna ta kashe mutum 125 a Kenya. Don haka kafin a soya gyaɗar ƙuli-ƙuli ko ta kunu, a baza ta a faifai a tsince. Wadda ta yamutse, wadda ta yi baƙi, wadda ta yi ɗaci, a zubar. Kada a ba yara, kada a ba akuyar da ake tatsa, domin gubar tana bin nono. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko tamfol, a ɗora buhu a kan katako.

Ƙwari kuma su ne damuwar mai wake. Saboda su wasu ke yayyafa piya-piya a cikin buhu, ko su jefa ƙwayar feshi a ajiye buhun a ɗakin da ake kwana. Wannan kasada ce da rai. Abin da ya kashe ƙwaro cikin buhu yana iya kwantar da yaro. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani a jikinsa. Akwai hanyar da ba ta bukatar guba: buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki, buhu ɗaya a waje. Idan waken ya bushe sosai, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin sai su rasa numfashi su mutu. Jarka ko duro mai murfi da ba ya shan iska ma yana yin wannan aiki, muddin ba a taɓa zuba mai ko maganin feshi a ciki ba. A kasuwa kuwa, a sansana wake kafin a saya. Mai warin magani a bar shi ko da da rahusa ne. Araha ba ta ado.

Zango na biyu: turmi da tukunya

Kowace mace ta san furar da aka yi wa surfe mai kyau ta fi fari, ta fi santsi. Amma a sani, da yawa daga cikin amfanin hatsi a bayansa yake. Idan aka surfe shi har ya yi fari fat, wani kaso na abin da ke ƙara jini ya tafi cikin dusa, awaki sun ci, yara sun rasa. A yi surfe daidai, kada a wuce misali.

Akwai kuma hikimar da iyayenmu mata suka bar mana. Jiƙa hatsi ya kwana, ko barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, yana sa jiki ya fi tsotse amfanin da ke cikinsa. Tsamiya, lemun tsami da garin 'ya'yan kuka su ma suna taimakon jini ya karɓi sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Mai juna biyu da mai ƙarancin jini su bar shayi sai an jima bayan cin abinci.

Kanwa tana sa wake ya yi saurin nuna, tana rage cin itace, amma kaɗan ake so. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan shan kunun kanwa tare da tsananin zafin wankan jego yana da hannu a ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Mai jego da ta ga ƙafafunta na kumburi, ko numfashinta na yin sama-sama in ta kwanta, a kai ta likita ranar. Wake kuma a jiƙa shi tun dare, zai nuna ba tare da an cika masa kanwa ba.

Idan shekara ta yi wuya aka koma ga anza, kada a yi gaggawa. A jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita sarai.

Zango na uku: nono da nama

Kasuwar Barmu mahaɗa ce ta manomi da makiyayi. Wannan ya kawo hatsi, wancan ya kawo nono, man shanu da cuku. Albarka ce da garuruwa da yawa ba su samu ba, domin nono yana gina ƙashi da tsoka, kuma yana cike abin da hatsi ya rasa.

Sai dai madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko cutar dabba ta kai wa mutum: tarin fuka, da wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, mai sa ciwon gaɓoɓi, wanda ake samu daga garken da dabbobinsa ke yawan ɓari. Mutanen jiharmu ta Tawa ba su manta da 2016 ba, lokacin da zazzaɓin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaradan, dabbobi suka yi ta ɓari suna mutuwa, makiyaya da dama suka rasa rayukansu. Hanyoyin kamuwa da shi sun haɗa da taɓa jinin dabba marar lafiya da shan ɗanyar madararta. Tsami yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya gamawa da su duka. Abin da ya fi shi ne a tafasa madara, ta huce, sannan a zuba mata ɗan tsohon nono ta kwana. Kindirmo ke nan, ga daɗi ga kwanciyar hankali.

Haka nama. Dabbar da ciwo ya kayar, kada a yi saurin sa mata wuƙa don kada a yi asara. A kira malamin dabbobi. Asarar akuya ta fi sauƙi a kan jinyar gida guda. Tsire da balangu a tabbata sun gasu har ciki, ba ja. Kifin Tabalak ma haka. Wuƙa da faifan da suka taɓa ɗanyen nama, kada su taɓa latas, tumatir ko dafaffen zogale sai an wanke su da sabulu.

Zango na huɗu: ruwa, hannu da lokaci

Nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne gyara ya fi araha.

Ruwa. Ana iya ɗebo ruwa mai kyau daga famfo, a ɓata shi a gida. Randar da kowa ke tsoma moɗa da yatsu a ciki ba ta da tsaro. A ware ludayi mai dogon hannu na ɗiba, a rataye shi, a sha da wani kofin daban. A rufe randa, a wanke ta a kai a kai. Ruwan tafki ko na rijiya marar murfi a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Ƙanƙarar da ake jefawa cikin fura ita ma ruwa ce, sanyi ba ya kashe cuta. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, har da jihar Tawa, kuma ta ruwa da hannu yake yaɗuwa.

Hannu. A wanke da sabulu bayan fitowa daga bayan gida, bayan yi wa yaro tsarki, kafin girki, kafin ci, kafin ba yaro abinci. Wanke hannu a kwano ɗaya, mutum goma, raba datti ne. A zuba da buta. In babu sabulu, a cuɗa da toka.

Lokaci. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da ba zafi ba sanyi, tsakanin digiri 5 da digiri 60. Zafin bazararmu kuwa yana haura 40. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Mun san ba kowane gida ke da firiji ba, kuma ba a zubar da abinci a Adar. Abin yi shi ne: a ajiye dawo ba a dama ba, a riƙa dama abin da za a sha nan take. Ɗumame a bar shi a wuta har ya yi tururi ciki da waje, miya ta tafasa. Na jariri kuwa a dama masa sabo kowane lokaci.

Hukumar ta ƙiyasta a 2015 cewa kowace shekara mutum miliyan 600 ke kwanciya ciwo saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yaron da muka karanta labarinsa yana iya shiga wannan lissafi, ba don uwarsa ta dage ba.

Zango na biyar: me ke cikin ƙwaryar?

Ƙoshi daban, ginuwar jiki daban. Abinci kashi uku ne:

- Masu ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, mai.
- Masu gina jiki: wake, gyaɗa, awara, nono, ƙwai, nama, kifi, fara.
- Masu kare jiki: zogale, kuka, rama, tafasa, yakuwa, kuɓewa, kabewa, karas, tumatir, mangwaro, albasar Galmi.

A yi ƙoƙari kowace rana a samu wani abu daga kowane kashi. Dambu da zogale da ƙuli-ƙuli ya haɗa ukun. Tuwo da miyar kuka mai wake ya haɗa ukun. Taliya da mai da yaji kuwa ƙarfi kawai ta bayar. Ganye, hanta, ƙwai da mangwaro suna kare yaro daga dundumi. Gishiri mai aidin yana hana maƙoƙo, yana taimakon ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. A ajiye shi a rufe, nesa da rana.

Jariri daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa kaɗai yake bukata, ko ruwa ba sai an ba shi ba, komai zafi, domin mafi yawan nonon ruwa ne. Dakashi, nonon farko mai ruwan ɗorawa, kada a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Daga wata 6 a fara kunu mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali da sauri, a sa masa garin gyaɗa tsintacciya ko na wake, da ɗan mai. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 ko 3 a rana, daga wata 9 zuwa 23 sau 3 ko 4, ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. A ba shi nasa kwanon, domin a akushin taro ƙaramin hannu ne ke tashi da yunwa. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe. Kwaɗayi na yunwa ne, ba na ƙwai ba.

Manya ma da nasu. Gishirin da babba zai ci a rana kada ya kai giram 5, wato cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, don haka mai sa dunƙule uku a tukunya ta ƙara da gishiri tana kiran hawan jini. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba miya ɗanɗano. Sukari kuma, 'yan majalisar shayi su lissafa abin da ke shiga buta daga na farko zuwa na uku. Man suya da ya yi baƙi yana hayaƙi ya gama aiki, a sauya shi.

Idan abin ya riga ya faru

Zawo ba na haƙora ba ne, kuma abin da ke kashe yaro a cikinsa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A ci gaba da ba shi nono. A haɗa ƙullin gishiri da sukari na likita a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, a lita 1. Kada ɗanɗanonsa ya fi hawaye gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a karɓo ƙwayar zinki ya sha kwana 10 zuwa 14.

A garzaya likita idan yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko akwai jini a kashinsa, ko ido ya faɗa, ko jiki ya saki.

A nemi igiyar awon damtse a koya. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, kore lafiya ne, ɗorawa gargaɗi ne, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Kumburin ƙafafu biyu ma haka. Tamowa ba abin kunya ba ce, ba kuma aikin maye ba ce. Tana da magani, kuma tun bayan yunwar 2005 ake warkar da yawancin yara a gida da abincin gyaɗa na musamman da likita ke bayarwa. Na marar lafiya ne shi kaɗai, ba na rabawa ba, ba na sayarwa ba.

Abin riƙewa

Aikin nan ba na mata kaɗai ba ne. Maigida ne ke cika rumbu, shi ke sayen buhu, shi ke cefane. Uwargida ke riƙe da turmi da randa. Kaka kuwa maganarta ake ji, kamar tsohuwar da ta sa yatsa a maɗigar jikanta, ta ga gaskiya, ta goya shi da kanta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da aka kiyaye wa ƙwaryarsa yau, shi zai riƙe hauya da alƙalami gobe.

Sababbin kalmomi

Ku karanta da ƙarfi, sannan ku rubuta kowace sau uku: rumbu, ƙwarya, fumfuna, maɗiga, dakashi, tamowa, dundumi, aidin.

Tambayoyi

1. Ta waɗanne hanyoyi uku cuta ta iya shiga furar da yaron ya sha?
2. Me ya sa suya ba ta isa ta gyara gyaɗa mai fumfuna ba?
3. Yaya buhu mai ruɓi uku yake kashe ƙwari ba tare da magani ba?
4. Ku kawo abinci biyu daga kowane kashi cikin ukun nan.
5. Idan lita 1 tana bukatar sukari cokali 6, cokali nawa lita 2 ke bukata?
6. An dama fura ƙarfe 9 na safe. Ƙarfe nawa ta cika awa 2?

Tattaunawa

Ku kasu gida biyu, ku gwada yadda matar ɗa za ta yi wa surukarta bayanin dakashi cikin ladabi, ba tare da ta ɓata mata rai ba.

Aikin gida

Ku rubuta duk abin da ƙaramin yaron gidanku ya ci na kwana 3, ku sa alama a gaban kowane abinci: ƙarfi, gini ko kariya. Sannan ku duba randarku da wurin ajiye buhunanku, ku gyara abu ɗaya kafin zama na gaba, ku zo ku gaya wa 'yan aji abin da kuka gyara.